Legas: A Wane Gefen Ruwa Baƙo Zai Kwana?

Duk wanda zai je Legas karon farko, daga Kano yake ko Maraɗi ko Garwa, tambayar da yake fara yi ita ce wace unguwa ta fi dacewa ya sauka. Amsoshin da yake samu kuwa ba sa haɗuwa. Ɗan boko zai ce masa Victoria Island ko Lekki, can ne gari yake. Wanda ya saba hawa jirgi zai ce Ikeja, kada ka yi nisa da filin jirgi. Ɗan kasuwa zai ce ina ruwanka da otal, ka sauka Agege cikin 'yan uwa. Kowannensu gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar tasa tafiyar ce, ba ta mai tambaya ba.

Tushen ruɗanin shi ne auna Legas da garuruwan da aka saba irin Kano, inda mutum zai kwana Nasarawa, ya yi hantsi a Kantin Kwari, ya koma gida kafin azahar. Legas gari ne da ruwa ya yanka gunduwa-gunduwa, gadoji ƙalilan suka ɗinke shi, kuma mutanen da ke cikinsa sun haura miliyan 15, gwamnatin jihar ma tana cewa sun zarce miliyan 20. A irin wannan gari, kyan unguwa ba shi ne abin dubawa na farko ba. Abin dubawa shi ne ko akwai ruwa tsakanin makwancin mutum da inda zai yi sammako.

Kalmomin da baƙo zai riƙa ji

Mutanen Legas sun raba garinsu biyu: Ailan da Menlan. Ailan, wato Tsibiri, ya ƙunshi tsohon garin Ikko inda fadar sarki da kasuwannin Balogun da Idumota suke, sai Ikoyi, sai Victoria Island da ake taƙaitawa a ce VI, sai zirin Lekki har zuwa Ajah. Menlan shi ne ɓangaren tudu da ke haɗe da sauran Najeriya: Ebute Metta, Yaba, Surulere, Mushin, Oshodi, Ikeja, Agege, Apapa, Festac da Ojo. Tsakaninsu akwai lagun, wani makeken tafki mai ruwan zartsi da ke haɗe da tekun Atlantika, yana cika yana janyewa tare da ita.

Gosulo kowa ya san shi, cunkoson mota ne. Danfo ita ce ƙaramar bas mai launin ɗorawa da baƙaƙen layuka. BRT manyan motocin bas ne masu layinsu na daban a kan titi, ana biyan kuɗinsu da katin Cowry, wanda shi ne kuma katin jiragen ƙasa na cikin gari. Shotlet gida ne ko ɗaki mai kayan ɗaki da kicin da ake bayarwa haya na kwanaki, yawanci ta intanet. Esteti rukunin gidaje ne mai ƙofa da masu gadi. Band A kuwa rukunin masu shan wutar lantarki ne da aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, a kan farashi mai tsada.

Sai a yi hattara da sunan Lekki, domin ya fi kowane suna yaudarar baƙo. Lekki Phase 1 tana maƙwabtaka da VI. Matatar Dangote da sabuwar tashar jiragen ruwa suna Ibeju-Lekki, fiye da kilomita 50 daga nan. Mai tallar masauki a Sangotedo ko Ajah shi ma Lekki zai rubuta, kuma bai yi ƙarya ba. Haka ma Alaba: tashar jirgin ƙasa mai wannan suna tana kusa da Mile 2, babbar kasuwar kayan lantarki kuwa tana can Ojo.

Yadda garin ya rabu

Legas ta fara ne a kan ƙaramin tsibiri. Da Turawan Ingila suka karɓe ta a 1861, sai suka keɓe Ikoyi ta zama unguwarsu, daga baya aka yi ta cike fadamu da yashi ana samar da filaye a VI da Lekki. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta rushe Maroko, unguwar talakawa da ke tsakanin VI da Lekki, kuma a kan wannan fili ne wasu daga cikin gidaje mafi tsada na yau suke zaune. Hedikwatocin bankuna, ofisoshin jakadanci da manyan kamfanoni sun taru a wannan gefe tun garin yana babban birnin tarayya, kuma komawa Abuja a 1991 bai kwashe su duka ba.

Jama'a kuwa tudu suka bazu, suna bin layin dogo. Filin jirgin sama na Murtala Muhammed yana Ikeja, kuma tun 1976 Ikeja ce fadar gwamnatin jiha, sakatariyarta tana Alausa. Tashoshin ruwa na Apapa da Tin Can, yawancin masana'antu, manyan asibitocin koyarwa da manyan jami'o'i duk a tudu suke. Abin da wannan tarihi ya haifar shi ne gari wanda kuɗi da ofis ke gefe ɗaya, gidajen mafi yawan ma'aikata ke ɗaya gefen.

Gada da agogo

Gadoji uku ne suka haɗa tudu da Tsibiri. Akwai Carter, wadda aka fara ginawa a 1901, tana tashi daga Iddo ta sauka Idumota. Akwai Eko ta 1975. Sai Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990, daga Oworonshoki zuwa Adeniji Adele. Daga asuba zuwa hantsi motoci na kwarara zuwa Tsibiri, daga la'asar zuwa bayan isha su juyo. Tafiya daga filin jirgi zuwa VI ba ta wuce kilomita 30 ba. Ranar Lahadi da safe ana yin ta cikin minti 40 ko ƙasa da haka, ranar Litinin da ƙarfe bakwai kuwa awa biyu ba abin mamaki ba ne, in kuma tirela ta lalace a kan gada ko an rufe hannu ɗaya don gyara, sai yadda hali ya yi.

A nan akwai wata dabara da 'yan gari suka sani, baƙi ba su cika lura da ita ba. Cunkoson yana da alƙibla. Wanda ya kwana Tsibiri zai fita Ikeja da safe, ya dawo da yamma, kishiyar jama'a yake bi, hanyarsa a buɗe take yawancin lokaci. Wanda ya kwana Ikeja don araha alhali taronsa yana VI ƙarfe tara, ya shiga cikin ayarin ke nan safe da yamma. Kuɗin da ya rage a ɗaki zai biya shi a tasi, domin Uber da Bolt suna ɗaga farashi a lokacin cunkoso, sannan ya ƙara da barcin da ya rasa.

Lekki tana da tata matsalar ko ba a tsallaka lagun ba. Ziri ne dogo siriri, teku a kudu, tafki a arewa, babban titi ɗaya na Lekki zuwa Epe ya ratsa shi. Gadar Lekki zuwa Ikoyi da aka buɗe a 2013 ta sauƙaƙa wa mazauna Phase 1, amma wanda ke Ajah sai ya bi layin nan har ya fito. Apapa kuwa tankoki da manyan motoci ne suka daɗe da mamaye hanyoyinta. An ɓullo da tsarin kiran motoci ta intanet mai suna Eto a 2021, abin ya ragu, amma mai harkar fito da kaya har yanzu ya fi samun sauƙi in ya kwana Apapa ɗin, ko Surulere ko Festac.

Kada kuma baƙo ya dogara da cewa zai tsallake cunkoso a kan acaɓa. Daga 1 ga Yunin 2022 an haramta okada a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Island, Lagos Mainland da Apapa, a watan Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Ana ganin masu karya dokar, amma dokar ta shafi direba da fasinja.

Ruwa iri uku

Ruwan sama da ke sauka a Legas ya kai kusan ninki biyu na Kano, kuma damina kashi biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, wadda ta fi ƙarfi a Yuni, sai ɗan sarari a Agusta, sai ƙarama a Satumba da Oktoba. VI da Lekki 'yan mitoci kaɗan suka ɗara teku, Ikeja kuwa ta kusa mita 40. Magudanun Tsibiri a lagun suke zubarwa. In ruwan sama ya haɗu da lokacin cikar teku, bakin magudanun sai ya toshe, ruwa ya tsaya a titi har sai tekun ta janye. Wannan ne ya sa ake ganin motocin alfarma tsundum a unguwannin da kuɗin hayarsu ya fi na ko'ina, kamar yadda aka gani a Lekki da VI a Yulin 2017.

Masu cewa tudu ba ya ambaliya su ma sun yi kuskure. Ranar 3 ga Yulin 2024 ruwan da aka wuni ana yi ya shanye hanyar hawa Third Mainland ta Iyana Oworo. Sannan unguwannin bakin kogin Ogun, irin su Agiliti da Owode a yankin Mile 12, da Isheri da kasuwar shanu ta Kara, suna shan ruwa a ƙarshen damina idan aka saki madatsar Oyan, ko da ba a yi ruwan sama a Legas ranar ba. Ambaliya ta layi ce, ba ta suna ba. A esteti guda za a sami layin da ke bushe da wanda sai an naɗe wando. Alamun ba sa ɓuya ga mai dubawa: zanen datti a jikin katanga daidai gwiwa, dakalin ƙofa da aka ɗaga sama da titi, janareta da aka ɗora a kan tudun siminti, kwata cike da ruwa kore ko da rani. Wanda zai kama ɗaki daga nesa tsakanin Mayu da Oktoba, ya nemi a turo masa bidiyon titin, ba na falo kaɗai ba, ya kuma guji ɗakin ƙasa.

Ruwa na biyu shi ne na famfo. A sassa da dama na Lekki ruwan rijiyar burtsatse ja ne, mai ƙarfe da ɗan gishiri, yana rina farin kaya. Gidajen da suka san abin da suke yi suna da na'urar tacewa ko suna sayen ruwan tanka. Ruwan Ikeja da Agege ya fi shi haske. Ko'ina dai mutum ya sauka, ruwan sha na roba ne. Cutar kwalara da ta ɓarke a Yunin 2024 ta fi tsanani a Lagos Island da Kosofe da Eti-Osa, kuma Eti-Osa ita ce ƙaramar hukumar da Ikoyi da VI da Lekki suke ciki.

Na uku shi ne tekun kanta, wadda da yawa don ita suke neman masauki a Tsibiri. Gaskiyar magana, Legas ba garin da ake fita daga ɗaki a taka yashi ba ne. Bar Beach da tsofaffi ke ba da labari ta tafi, an cike wurin ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. An rushe wurin shaƙatawa na Landmark a bakin ruwa a Afrilun 2024 don titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba. Abin da ya rage, irin su Elegushi, sai an biya kuɗin shiga, kuma igiyar ruwan tana da ja, tana cin mutane har da waɗanda suka iya iyo. Tarkwa Bay ce mai ruwa a kwance, ita kuma sai da kwalekwale mai inji. Ƙarin kuɗin da ake cajin baƙo don ɗaki mai kallon teku, kallon ne kawai yake saya.

Ɗan Sahel zai tarar da zafin Legas daban yake. Ma'aunin ba ya cika wuce digiri 33, amma laima a iska takan haura kashi 80 cikin 100, gumi ba ya bushewa, wanki ba ya bushewa, ɗakin da ba a buɗewa yana warin fumfuna. Don haka tambayar wuta ta fi tambayar girman gado. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin Band A zuwa sama da naira 200 kowane yunit, masu shotlet da yawa sun koma sa wa baƙo mita, ko ƙayyade awannin janareta. Sai a tambaya tun kafin a biya: wuta awa nawa, ƙarfe nawa ake kashe inji, wa ke sayen yunit. Sauro kuma yana nan duk shekara, ba sai damina ba.

Masu cewa Tsibiri da masu cewa Ikeja

Hujjar masu son Tsibiri tana da ƙarfi ga wasu matafiya. Mai ganawar biza a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke titin Walter Carrington, mai taro da banki, ɗalibin makarantar lauyoyi ta VI, duk ya kamata su kwana a gefen. Mai yawon buɗe ido ma zai sami gidan tarihi na ƙasa a Onikan, Freedom Park da aka yi a tsohon kurkukun Broad Street, gidan zane na Nike, da gandun dajin Lekki mai gadar igiya a saman itatuwa. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne tsada, wadda ke ninkuwa a Disamba lokacin da mazauna ƙasashen waje ke dawowa hutu da kiɗe-kiɗe, da kuma hayaniyar gidajen rawa a wasu layukan VI da Phase 1 har asuba.

Masu son Ikeja suna kafa hujja da filin jirgi, tudu, da sauƙin farashi. Wanda zai kwana ɗaya ya wuce ƙasar waje, ko mai jirgin asuba, ba shi da dalilin tsallaka gada. Ikeja GRA shiru take da itatuwa, Allen da Opebi suna da otal kala-kala, Ajao Estate tana dab da tashar jiragen ƙasashen waje. Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta, tana tsakiyar Ikeja, haka asibitin koyarwa na jiha.

Akwai ɓangare na uku da ba a cika ambata ba, kuma a ganina shi ya fi dacewa da wanda harkokinsa suka warwatsu: Yaba da Surulere. Suna bakin gadoji, don haka rabin cunkoson yana bayan mutum tun kafin ya fito. Jami'ar Legas tana Akoka, asibitin ƙashi yana Igbobi, asibitin koyarwa na LUTH yana Idi-Araba, tashar jirgin ƙasa zuwa Ibadan tana Ebute Metta. Mai sarin atamfa da leshi a Balogun zai iya kwana nan, ya tsallaka Carter ko Eko da sassafe. Kwana a cikin tsohon garin Ikko kansa sai wanda ya saba, domin da rana ba masaka tsinke, da dare kuma layukan kasuwa sukan yi tsit. Ya kuma tuna kasuwannin Legas ba sa buɗewa ranar Alhamis sai ƙarfe goma, saboda shara.

Sauka cikin 'yan uwa

Hausawa ba baƙi ba ne a Ikko. Rundunar da Baturen mulki Glover ya kafa a 1863 da Hausawa ya kafa ta, kuma Obalende, wadda ta yi suna da tsire, ta taso ne daga mazaunin irin waɗannan sojoji. Fataken goro sun kafa zango a Agege, abin ya bunƙasa da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Yau akwai Sarkin Hausawa a Agege da Idi-Araba da wasu unguwanni, mahauta suna Oko-Oba, 'yan gwari masu tumatir da albasa da tattasai suna Mile 12.

Tsarin maigida da baƙonsa, wanda fatauci ya ginu a kansa, bai mutu ba. Wanda ya kawo kaya yakan sauka hannun dillalinsa, ya sami wurin kwana, wurin ajiya, da wanda zai tsaya masa in ciniki ya rikice. Ga masallaci a kusa, ga tuwo da fura, ga mai shayi da ya san motar da za ta tashi Arewa gobe. Ga ɗan kasuwar da harkarsa ke cikin wannan kasuwa, babu otal ɗin da zai ba shi wannan.

Amma a faɗi ɗaya gefen. Waɗannan unguwanni a cushe suke, makewayi da ruwa na tarayya ne a gidaje da yawa, kuma mai iyali ko mace ita kaɗai ko majinyaci zai wahala. Suna da nisa da Tsibiri, ban da Obalende da Idi-Araba. An kuma taɓa samun rikicin ƙabilanci a Idi-Araba a Fabrairun 2002 da Mile 12 a Maris ɗin 2016. Irin wannan ba kullum ba ne, shekaru kan shuɗe lafiya, sai dai lokacin zaɓe ko wata tarzoma ya kamata baƙo ya saurari shawarar mazauna. Batun salla da abincin halal kuwa bai isa ya ɗaure mutum a unguwa ɗaya ba. Musulmin Yarbawa suna ko'ina, babban masallacin Juma'a yana titin Nnamdi Azikiwe a tsakiyar Tsibiri, masallacin Shitta-Bey yana tsaye tun 1894, Lekki ma tana da babban masallacinta.

Tsaro

Babu unguwar da za a ce ta tsira. Ƙwacen waya ta tagar mota a cikin gosulo yana faruwa a hanyoyin Tsibiri da na tudu. Akwai motocin da ake kira wan-cans, na 'yan fashi masu shigar fasinja, waɗanda suka fi ɗaukar mai tsayawa a gefen titi da asuba ko da dare maimakon tasha. Wannan ma hujja ce ta kwana kusa da wurin aiki, domin mai nisa shi ke fita cikin duhu ya dawo cikin duhu. A harkar shotlet kuma damfarar da ta fi yawa ita ce tallar gidan da babu shi, ko riƙe kuɗin ajiya da ake karɓa don ɓarna. Kada a tura kuɗi sai wani da aka sani ya je ya gani da ido.

Abin da ke sauyawa

Jiragen ƙasa na cikin gari sun fara taɓa wannan lissafi. Shuɗin Layi ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, yana tsallake ruwa a kan gadarsa, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Wannan ya kusanto da Festac da Amuwo ga mai harka a Marina da Balogun. Jan Layi ya fara aiki a Oktobar 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Mai sauka Agege yanzu yana iya isa bakin gada ba tare da ya shiga cunkoson Oshodi ba, in ya dace da lokacin jirgin, domin zirga-zirgarsa ba ta yi yawa ba tukuna. Ana iya sa ran masaukan da ke kusa da waɗannan tashoshi su ƙara daraja, kuɗinsu kuma ya tashi.

A gabas abin ya sha bamban. Matatar Dangote da aka ƙaddamar a Mayun 2023 da tashar ruwa ta Lekki suna jawo tankoki da ma'aikata zuwa titin Lekki zuwa Epe, sabon titin gaɓar teku kuma ana sa ran ya ɗauke wani kaso na nauyin. Har zuwa lokacin da hakan zai tabbata, direba ko ɗan kwangilar da aikinsa ke matatar ya nemi ɗaki a Eleko ko Epe. Jan Layi a Oyingbo yake tsayawa, Shuɗi a Marina, kuma babu ɗayansu da ya shiga VI ko Lekki.